Wata shida ina rubuta ciwon ƙafata tsakanin Makka, Madina da Ɗa'ifa

Zanin rufa ne ya fara raba ni da barci. Zanin nan marar nauyi da ake ja saboda sanyin mukayyif, wato esi kamar yadda ake cewa a gida. Da zarar ya taɓa yatsun ƙafata sai in ji kamar an barbaɗa garin barkono a kan sabon yanka. In fitar da ƙafar waje, iskar ɗakin ta same ta, sai tsira kamar ta allura, can kuma wani abu ya fizge ni daga babban yatsa zuwa idon sawu sai ka ce na taka wayar lantarki. Haka nake juyi har a yi kiran sallar farko, in tashi in wanke ido in tafi ɗaukar mota.

Ni direba ne. Shekarata 24 a Makka, 15 daga ciki ina jan bas ta wani kamfani mai jigilar masu Umara da alhazai, daga filin jirgin Jidda zuwa Makka, daga Makka zuwa Madina, wani lokaci kuma ziyara Ɗa'ifa. Ciwon suga kuwa shekara 9 ke nan da aka ce ina da shi, ina shan ƙwayar metformin safe da yamma. Ko a mafarki ban taɓa haɗa shi da abin da ke cin ƙafata ba.

Kowa da nasa bayanin. Uwargida ta ce sanyi ne ya shige ni, ta riƙa dafa mini citta da kanumfari. Wani abokin aiki ya ce na taka abu ne, in nemi malam. Yayana da ke Kano kuwa magana ɗaya yake maimaitawa duk lokacin da muka yi waya: "Iskar ƙasar nan ce ta daina karɓar ka, ka tattaro ka dawo gida." Maganarsa ta fi ta kowa shiga raina, domin ni ma na lura ciwon na da ranaku. Wata rana ya lafa kamar ba shi, wata rana ya hana ni sa takalmi. Na yi ƙaho, na sha man habbatus sauda, na shafa man zafi mai na'ana'a har ɗakin ya gauraye da ƙamshinsa, na jiƙa ƙafa a ruwan zafi da gishiri. Man zafin ma daɗa hura wutar ya yi. A ƙarshen 2023 har na fara tambayar kuɗin tikiti na mutum huɗu.

Babbar 'yata ce ta tsaya kai da fata sai na ga likitan jijiya tukuna. Daga mustausaf ɗin da tamin ɗin kamfaninmu ya ɗauka, wato ƙaramin asibitin da inshorarmu ke biya, aka rubuta mini takarda zuwa wani asibiti. Likitan da na tarar Basudane ne. Mun fara da Larabci, sai ya sake duba sunana a fayil ya ɗago ya ce, "Alhaji, kana jin Hausa?" Ashe ɗan wajen Mai Wurno ne, garin nan na bakin Shuɗin Nilu da jama'ar Sarkin Musulmi Attahiru suka kafa bayan yaƙin Burmi na 1903. Hausarsa ta tsofaffi ce, mai ƙamshin Sakkwato, Larabcin Sudan na leƙowa nan da can. Wallahi a ranar na fara faɗin ciwona yadda yake, domin da Larabci kalma biyu kawai nake da su, zafi da ciwo. Da Hausa kuwa na ce masa zugi, na ce raɗaɗi, na ce tsira, na ce wani lokaci kamar cinnaku na tafiya a ƙarƙashin fata, wani lokaci kuma dindiris kamar na sa safa uku. Duk yana rubutawa.

Ya sa na kwanta na rufe ido. Ya ɗauko wani siririn zaren roba mai kama da gashin tsintsiya, wanda ke lanƙwashewa in an danna shi da nauyin giram 10, ya riƙa taɓa tafin ƙafata yana cewa in na ji in ce na ji. Ni dai na ɗauka yana jinkiri ne tsakanin taɓawa da taɓawa. Da na buɗe ido 'yata ta kau da kai, ashe ya taɓa wurare da dama ban ce komai ba. Ya kaɗa wani ƙarfe mai baki biyu ya ɗora a kan ƙashin babban yatsa, na ji karkarwarsa ta ɗan lokaci ta ɗauke, da ya mayar da shi kan hannuna sai ga shi yana nan yana rawa. Ya ce jijiyoyin da suka fi tsawo su ciwon suga ke fara ci, kuma babu wadda ta kai wadda ta taso daga ƙugu zuwa yatsa, kusan mita guda. Shi ya sa abin ke farawa daga yatsu yana hawa kamar ana sa safa. Ya ce kusan rabin masu ciwon suga kan gamu da wannan a tsawon rayuwarsu, sai dai ba kowa ne nasa ke zuwa da zugi ba.

Bayan mako guda aka yi mini gwajin gudun saƙo a jijiya, wanda ake manna wayoyi a ƙafa ana ɗan ja da lantarki. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne kafin a fara sai da ma'aikacin ya taɓa ƙafata ya ce ta yi sanyi, ya naɗe ta da tawul mai ɗumi muka jira. Na tambaye shi dalili, ya ce jijiya mai sanyi tafiyar saƙonta na raguwa, sakamakon zai fito ba daidai ba. Na ce a raina, to ashe dai akwai ruwan sanyi a maganar, uwargida ba ta faɗi a banza ba. Gwajin jini ya nuna awon sugar nan na wata uku, HbA1c, ya kai 9.4, alhali ana so ya tsaya wajen 7. Sinadarin B12 kuma ya yi ƙasa, likita ya ce metformin kan jawo haka in an daɗe ana sha, kuma ƙarancinsa shi kaɗai ma yana taɓa jijiya. Aka rubuta mini allurarsa.

Na kawo masa maganar yayana, na ce, "Likita, ka gaya mini gaskiya, in iskar garin nan ce in tafi." Bai ce e ba, bai ce a'a ba. Ya ce, "Alhaji, kai da ke yawo tsakanin gari huɗu, ai kai ne za ka gaya mini. Ka sayi littafi." Ya lissafa abin da zan riƙa rubutawa sau uku a rana: makin ciwo daga sifiri zuwa 10, inda nake, abin da ke ƙafata, awa nawa na yi barci, me na ci, nawa suga ta nuna. 'Yata ta ja layuka da rula a wani littafin makaranta mai bango shuɗi, na sayi ƙaramin ma'aunin zafi mai batir wanda ke nuna har laimar iska, na ajiye su a gaban mota kusa da carbi. Ranar 6 ga Janairun 2024 na rubuta layin farko.

Makonnin farko kamar sun gama shari'ar. Madina da hunturu ba wasa ba ce. Na kwana can da wasu masu Umara 'yan Katsina, da Asuba ma'aunina ya nuna digiri 11. Na yi alwala da ruwan famfo, na taka marmarar harabar Masallacin Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, da ƙafa tsirara. Kafin a tayar da salla yatsuna sun kama wuta, da ƙyar na iya zaman tahiya. Na rubuta 8. Haka ma a Harami: farar marmarar filin ɗawafi, wadda aka kawo daga tsibirin Tasos na ƙasar Girka, ni'ima ce ga mai ɗawafin tsakar rana don ba ta ɗaukar zafi, amma da sanyin Asuba ni azaba take ba ni. Na ce shi ke nan, sanyi ne.

Sai tafiyar Ɗa'ifa ta rikita lissafin. Garin na kan dutse, kusan mita 1,900 sama da teku, Makka kuwa ba ta kai 300 ba. Mun bi ta hanyar Sail a farkon Fabrairu, iska na kaɗawa, fasinjoji na ta naɗe kai da mayafi. Na shirya wa mummunar rana. Da dare na rubuta 4. Bayan kwana uku na yi sawu biyu zuwa filin jirgin Jidda, rana mai daɗi, ba zafi sosai ba sanyi, na dawo gida ina ɗingishi na rubuta 8. Na kai wa 'yata littafin cikin ɓacin rai na ce wannan aikin banza ne, ciwon yadda ya ga dama yake yi.

Ta zauna da shi bayan Isha, ta ɗauko jan biro tana zagaye duk inda maki ya haura 6. Can ta ce, "Baba, ranar Ɗa'ifa kun kunna mukayyif a mota?" Na ce wa zai kunna mukayyif a wannan sanyin. Ta ce, "Me ka sa a ƙafa?" Na ce safa da takalmi rufaffe tun daga gida. Ta juya mini shafin. Duk ranakun jan biro, in ka cire na Asubar Madina, ranakun da na yini a mota ne da silifas ɗina na fata, mukayyif na aiki.

Washegari na ɗauke ma'aunin daga gaban mota na ajiye shi ƙasa, tsakanin birki da totur. Akwai wata ƙofar iska a ƙarƙashin sitiyari wadda shekara da shekaru ban taɓa sunkuyawa na dube ta ba, bakinta na kallon ƙafar dama. Kafin mu wuce shingen Shumaisi a hanyar Jidda ma'aunin ya sauka zuwa 16. A waje 31 ne. Fasinja in ya shigo da ihrami yana gumi abin da yake fara cewa shi ne a ƙara sanyi, ni kuma in murɗa har ƙarshe. Daga nan in sauka in loda jakunkuna a kan kwalta mai ɗumi, in dawo cikin sanyi, in sauka a wurin binciken takardu, in dawo, in sauka a otal. Na ƙirga a rana guda ƙafata ta yi wannan shiga da fita sau 14. Na tsaya a gefen hanya bayan na sauke mutane, na juya iskar ta koma sama, na toshe ƙofar da tsumma, na zauna shiru na ɗan lokaci. Shekara biyu ina zargin sararin samaniya, abin yana tazarar taki ɗaya da yatsana.

Da na kai wa likita wannan labari ya yi murna ƙwarai. Ya ce a bakin jijiyoyin fata akwai wasu 'yan ƙofofi, kowace da abin da ke buɗe ta. Ɗaya zafi ne ke buɗe ta in ya kai wajen digiri 43, kuma ita ce dai yajin barkono ke buɗewa, shi ya sa baki ke jin barkono kamar wuta alhali ba wuta. Wata kuma sanyi ke buɗe ta, ita ce na'ana'a ke taɓawa har ka ji iska na shiga. Ya ce gano waɗannan ƙofofi da irinsu ne ya sa aka ba wasu masana biyu na Amurka, David Julius da Ardem Patapoutian, kyautar Nobel a 2021. Jijiya mai lafiya sai sanyi ya kai sanyi take kai ƙara. Wadda ta ji rauni kuwa ɗan kaɗan ya ishe ta, kuma saƙon da take aikawa ya kan isa a matsayin ƙuna. Nan na gane abin da man zafin nan ya riƙa yi mini, da kuɗina nake sayen abin da ke ƙwanƙwasa ƙofar.

Maganar magani ba ta ɗauki lokaci ba. Akwai pregabalin, amma yana sa gyangyaɗi, kuma a ƙasar nan yana cikin magungunan da ake sa wa ido sosai, ba a bayarwa sai da takarda ta musamman. Ya ce ba zai ba mai tuƙa rayuka a hanyar Madina ba. Amitriptyline kuma na busar da baki yana rage gumi, ga bazara na tafe. Ya ɗora ni a kan duloxetine. Makon farko na sha tashin zuciya, daga baya ta lafa. Ya faɗa mini tun farko cewa in magani ya rage kashi uku cikin goma zuwa rabin ciwon, to ya yi aikinsa. Ya kuma gargaɗe ni kada in yi wa suga dirar mikiya, domin in aka sauke ta da gaggawa bayan ta daɗe a sama, jijiyoyin kan ƙara tayar da hankali. A hankali za a bi ta. Wani malamin unguwarmu kuma ya tuna mini da shafa a kan huffi. Na sayi na fata, in na yi alwala a gida da ruwa mai ɗumi na sa, a hanya shafa kawai nake yi. Ƙarshen Fabrairu makina na yawo tsakanin 3 da 5. Na yi waya Kano na ce a dakata da gyaran ɗaki.

Azumi ya kama ranar 11 ga Maris. Likita ya duba ni ya gyara lokutan ƙwayoyi ya ce zan iya, da sharaɗin in suga ta faɗi in karya. Yanayin garin bai yi tsanani ba, ƙofar iska a toshe, safa a ƙafa, komai yadda aka tsara. Amma daga goman tsakiya maki ya fara hawa, a goman ƙarshe ya koma 8 da 9, har ya fi na Asubar Madina. Wanda ya san Makka a Ramadan ya san dalili ba sai an gaya masa ba. Dare ne rana. Jirage na sauka ba ƙaƙƙautawa, hanyoyin Harami a rufe, sai ka yi awa biyu a tafiyar minti ashirin. In na samu barci, awa biyu ne bayan Asuba, awa ɗaya kafin La'asar, a kujerar mota, injin wata bas na ruri a gefena. Layin barci a littafin ya koma 3, 2, 3, 4, 2. Ga buɗa-baki: dabino, sambusa, luƙaimat mai zuma, sobiya mai sanyi wadda ba Bamakken da zai ga an zuba ya kau da kai, sai kunun gyada in na samu leƙawa gida. Suga bayan Magariba ta riƙa haura 250.

A cikin wannan watan ne kuma sabunta igama, wato takardar izinin zama, ya zo. Duk wanda ke ƙarƙashinka riyal 400 ake biya masa a wata, ni kuma mutum uku ne. Na kwana huɗu ina lissafin inda zan haɗa kuɗin, kuma a littafin ranakun nan huɗu a jere suke, 9, 8, 9, 9. Na ji nauyin faɗa wa likita, don kada ya ɗauka ciwon a kaina yake. Ya ce, "Alhaji, ciwon a ƙafa yake, amma ƙwaƙwalwa ce ke sauraron sa. Tana da hanyar da take danne saƙon, rashin barci da damuwa kuwa suna kwance mata ɗamara." Ya yi shiru kaɗan ya ce shi ma tun da yaƙi ya ɓarke a ƙasarsu a Afrilun 2023 ya san abin da dare ke yi wa mai tunanin gida. Ban sami abin ce masa ba sai addu'a.

Ni a ganina wannan ɓangaren ne mutanenmu suka fi wasa da shi. Muna yarda sanyi na tayar da ciwo, muna yarda zafi na tayarwa, amma ka ce wa magidanci barcinsa na cikin maganinsa sai ya ga kamar ragwanci kake koya masa. Bayan Salla na je wajen mai rarraba mana aiki na nuna masa takardar likita, na roƙi kada a haɗa mini tafiyar dare biyu a jere. Ya amince, albashina ya ɗan ragu. Cikin kwana goma maki ya sauko.

Laimar Jidda, wadda na ɗauka za ta fito da babban laifi, ban kama ta da komai ba. Akwai ranar da ma'auni ya nuna laima 80 cikin ɗari na rubuta 4, akwai ranar da ya nuna haka na rubuta 6. 'Yata ta karanto mini wani bincike na Jami'ar Manchester a Ingila da aka fitar a 2019, inda mutum fiye da 13,000 suka shiga suna aika makin ciwonsu ta waya. An ga ranakun laima da iska mai ƙarfi ciwo kan ɗan ƙaru, amma ƙarin ba mai yawa ba ne, kuma akasarinsu masu ciwon gaɓoɓi ne. Ƙura ma haka, sai dai in ta sa ni tari ta hana ni barci. Abin da busasshiyar iskar Makka ta yi mini a fili shi ne faso. Jijiyoyin da ke sa ƙafa gumi su ma sun raunana, dunduniya ta bushe ta tsattsage. Aka ce in riƙa shafa mai kullum amma ban da tsakanin yatsu, can kuma in tsane shi sosai bayan kowace alwala.

Da Mayu ya shigo likita ya yi mini wani kashedi. Tankunan ruwanmu a kan rufi suke, da Azahar ruwan famfon da ake kira na sanyi fitowa yake kamar an sauke daga murhu. Ya ce kada in ƙara gwada ruwa da ƙafa, in sa gwiwar hannu. Ya hana ni jiƙa ƙafa a ruwan zafi, ya hana ƙaho daga gwiwa zuwa ƙasa. Ya ce, "Jijiyarka ta zama kamar maigadin da ke kwana yana ihun ɓarawo ba ɓarawo, ranar da ɓarawon ya zo kuma ya tarar da shi yana barci." Na kiyaye maganar ruwa sarai. Ban kai tunanina ƙasa ba.

Hajjin 2024 duk wanda ya yi shi ba zai manta ba. Ranar 17 ga Yuni, washegarin Babbar Salla, zafi ya kai digiri 51.8 a Harami, kuma daga baya hukuma ta sanar da rasuwar alhazai 1,301, Allah Ya jiƙansu. A ranar na tsaya sallar Azahar a wani ƙaramin masallaci kusa da inda muke ajiye motoci. Na cire takalmi da safa na sabunta alwala, don gumi ya sa na bar huffi tun shigowar bazara. Da na fito babu takalmina. Ba na zargin kowa, a irin wannan cunkoso mutum kan zura abin da ya samu. Motar na can kamar taku ɗari biyu, cike da tsofaffi, ɗaya daga cikinsu tun safe jiri ke ɗibar ta, makullin kuma na aljihuna, mukayyif a kashe. Na dubi kwaltar, na taka. Ɗumi kawai na ji, irin na tabarmar da ta sha rana. Ban yi gudu ba ma. Na shiga na tayar da mota, na zura wata safa da ke aljihun ƙofa, muka ci gaba da aiki. Da La'asar na ɗauko littafi na rubuta 3. Har na ji daɗi, na ce yau ƙafa ta huta.

Sai bayan ƙarfe ɗaya na dare na samu leƙawa gida. Ina tafiya zuwa banɗaki uwargida ta ce, "Alhaji, tsaya. Mene ne wannan a ƙasa?" Sawuna ne a kan tayil, jiƙe, ɗaya bayan ɗaya tun daga bakin ƙofa. Ta zaunar da ni ta kama safar za ta cire, ta ƙi fita, ta manne. Sai da ta jiƙa ta da ruwa ta bi a hankali. Tafin ƙafa biyu duk sun yi bororo, na dama ya fashe, fatar ta naɗe gefe guda kamar ɓawon dafaffen dankali, naman ja wur. Ita tana salati tana hawaye, ni ina kallon ƙafar kamar ta wani. Ko ɗigon zafi ban ji a wurin ba. Yatsun da ke sama da ƙunar kuwa suna nan suna tsirarsu ta kullum saboda iskar fanka.

A asibiti ma'aikaciyar da ta wanke ciwon ta ce a irin wannan rana kwalta kan haura digiri 60, kuma duk shekara suna karɓar alhazai masu ciwon suga da suka ɓatar da takalmi suka taka ƙasa. Mako shida ban taka totur ba. Kullum wanki da sabon bandeji, ƙafa a kan matashi, ana duba ko ta fara wari ko ta canja launi, domin gyambon mai suga in ya ƙi warkewa kowa ya san inda yake kai mutum. Allah Ya rufa asiri, ta rufe. Likitana da ya zo duba ni ya ɗauki littafin ya buɗe shafin ranar, ya daɗe yana kallon 3 ɗin nan. Ya ciro biro ya ja sabon layi a gefen shafin da hannunsa, ya rubuta a samansa: na duba tafin ƙafa? Ya ce 'yata ta sayo mini ƙaramin madubi.

Yanzu awon wata uku ya sauko 7.6. Maki yawanci 3 ne ko 4, ya kan tashi in na yi tafiyar dare ko wani abu ya dame ni, zanin rufa kuma na ɗaga shi da matashi a ƙarshen gado don kada ya taɓa yatsu. Mukayyif na ɗaki a kan 25 yake, bakinsa na kallon bango. Takalmina ba ya ƙara kwana a ƙofar masallaci, a jakar zane nake sa shi in rataya a wuya, akwai kuma na ajiya a ƙarƙashin kujerar mota. In na ɗauko jama'a daga filin jirgi, kafin mu tashi na kan ɗauki lasifika in tambaya ko akwai masu ciwon suga, in ce su riƙe takalmansu a jaka duk inda za su shiga, in sun ɓata kuma su tsaya a inuwa su aika a sayo musu, kada su taka.

Yayana bai sauka daga maganarsa ba. Da muka yi waya makon jiya ya ce in zo in yi wata guda in gani, shi ya tabbata da na sha iskar gida ciwon zai tafi. Na nemi hutu an ba ni a Disamba, tsakiyar hunturu, lokacin da Kano ke wayar gari da hazo, ruwan randa kamar ƙanƙara. Na riga na sa huffi da safa shida a jaka, da madubin, da ma'aunin zafi. 'Yata ta sayo sabon littafi, jiya da dare ta zauna ta ja masa layuka.